Lambun babban gida a ƙasar Garwa da Marwa: tambayoyin da masu gida suka fi yi mini

Aikina shirya lambun cikin gida ne, akasari a Garwa da ke arewacin Kamaru, wani lokaci kuma aiki ya kai ni Marwa ko Kusiri. Kusan duk wanda ya kira ni magana ɗaya yake fara yi: yana son gida mai kore da sanyi, amma ba ya son lambun da zai zame masa ɗawainiya. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan, da amsar da nake bayarwa idan muna tsaye a filin.

Malam, wai da gaske akwai lambun da ba ya bukatar kulawa?

Babu. Duk abin da ke da rai yana son a duba shi. Abin da ake iya samu shi ne lambun da mutum ɗaya zai riƙe da aikin safiya biyu a mako, kuma idan famfo ya lalace kwana goma a tsakiyar bazara ba za a dawo a tarar da busassun itatuwa ba. Ana samun wannan tun ranar da ake tsara filin, kafin a sayi dashe ko ɗaya. Tun ran gini ran zane.

Ni a watan Afrilu nake auna lambu. A Agusta ko juji kore yake. Amma a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, an yi wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba, a nan ake gane lambun da aka yi da lissafi. Duk shukar da ake so a sa, a fara tambaya: wa zai ba ta ruwa a Afrilu, kuma daga ina?

An gama gini, ga fili fetal. Daga ina zan fara?

Alhaji, ka fara da zama da uwargida. Ita ta san inda ake shanya, inda ake kafa murhu idan ana suna ko biki, inda yara ke wasa, da hanyar da baƙi mata ke bi su shiga ciki ba tare da sun ratsa zaure ba. Na taɓa ganin gidan da aka dasa furanni daidai wurin da ake girke manyan tukwane, bikin farko ya gama da su. A ware waɗannan wurare tukuna, haɗe da inda mota ke juyawa da turken dabbobi. Abin da ya rage shi ne lambu.

Sai a raba shi uku gwargwadon ruwa. Kusa da ɗaki da wurin zama, ɗan yanki ƙarami da za a riƙa ba ruwa kullum, nan ne wurin furanni da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Bayansa yankin itatuwan marmari, masu shan ruwa sau ɗaya ko biyu a mako. Can jikin katanga kuma a sa masu jure fari, waɗanda bayan rani biyu ruwan sama kaɗai ya ishe su. Yanki na uku ya kamata ya fi kowanne girma. Kuskuren da aka fi yi shi ne cakuɗa su, a dasa ayaba kusa da ƙariya, ɗaya tana neman ruwa kullum, ɗaya ruwan na ruɓar da ita.

A kuma jira ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya a gani. Inda ya kwanta da inda ya bi ya fita, shi zai nuna maka gangaren filin fiye da kowane awo.

Ina son ciyawa kore shar, irin wadda nake gani a otal. Me ya sa kake hana mutane?

Ba hanawa nake ba, lissafin nake nunawa. A tsananin bazara, kowace murabba'in mita ta ciyawa tana bukatar wajen lita 7 na ruwa a yini idan ana so ta zauna kore. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai sha lita 700, wato jarka 35 masu lita 20, kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Babban gida kuwa yakan so ninki uku ko huɗu na wannan. Ga aski duk mako da damina, ga man inji, ga aya-aya da ke kutsowa wadda idan ta kafu sai an tone ƙasar kafin a rabu da ita. A duk lambun babu abin da ya kai ciyawar ado cin ruwa da cin lokaci, kuma inuwa ba ta bayarwa. Da azahar ba mai iya zama a kanta.

Idan ranka na so, a yi ƙarama, kamar shimfiɗar tabarma shida ko takwas, a inda ake zama da yamma. A yi da ƙiri-ƙiri, ciyawar da muke da ita a nan. Tana jure taku, kuma idan ruwa ya yanke takan yi ja kamar ta mutu, da ruwan fari ya sauka sai ta farfaɗo. A yi mata iyaka da bulo ko siminti mai ɗan zurfi, don tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, idan aka sake mata za ta shiga cikin furanni.

Sauran filin a zuba tsakuwa ko yashi mai tsabta a ƙarƙashin itatuwa. Tsakar gida mai yashi da ake sharewa da safe, wadda iyayenmu suka saba, tana da kyau, kuma tsintsiya kaɗai take ci.

To in shafe filin duka da siminti ko pabe mana, in huta?

Za ka huta da shara, ka shiga wata wahalar. Siminti yana shan rana wuni guda, da dare ya riƙa fitar da zafin, ɗakuna su ƙi yin sanyi har asuba. Ruwan sama kuma ba ya samun inda zai nutse, sai ya kwarara waje ko ya taru a gindin gini. A sa pabe, wato ƙananan bulon daɓe, a hanyar mota da hanyoyin ƙafa, a jera su a kan yashi ba tare da liƙe tsakaninsu ba. Kowane itace a bar masa fili buɗe, aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe.

Waɗanne itatuwa ne na inuwa da ba sa ba da wahala?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin inuwa ce ginshiƙin komai. Ƙasar da ke ƙarƙashin inuwa ba ta saurin bushewa, furen da ke samun inuwar yamma ba ya ƙonewa, ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa na yamma ya fi daɗin kwana. Shi ya sa nake fara dasa manyan itatuwa ta yamma da gini.

Dalbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ita ce ta farko. Duk wanda ya bi titunan Marwa ya san abin da ta yi wa garin. Asalinta daga Indiya ne, amma ta zama 'yar gida: tana girma da sauri, tana riƙe ganye a bazara lokacin da aka fi bukatarsa, gara ba ta cika damunta ba. Aibinta zubar 'ya'ya, da ƙananan da ke tsirowa ko'ina bayan tsuntsaye da jemagu sun watsa iri. Wannan aikin tsintsiya ne da fartanya.

Maɗaci ya fi ta ƙasaita da tsawon rai, sai dai yana son fili sosai, babban gida ne kawai ke ɗaukarsa. Tsamiya tana da jinkiri, wanda ya dasa ta yana yi wa 'ya'yansa ne, amma inuwarta mai kauri ce, iska ba ta karya ta da sauƙi, ga amfaninta a kunu. Aduwa da magarya da kurna ba sa neman komai a wurin kowa, a kai su can ƙarshen fili saboda ƙaya. Gawo yana da hali na daban, yana zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani, don haka inuwarsa na zuwa daidai lokacin zafi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne.

Akwai waɗanda nake ba da shawarar a yi nesa da su. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na bin danshi har ta shiga bututu da ramin masai. Wurinsu ƙofar gida ta waje, inda dattawa ke zama. Itacen turare yana zuƙe ruwan ƙasa, abin da ke kusa da shi ba ya walwala, kuma reshensa na faɗowa ba sallama. Itacen nan mai hawa-hawa kamar lema da ake yayi yanzu yana da kyan gani, sai dai saiwarsa a sama take, tana ɗaga pabe, kuma yana zubar da ganye da rani. Giginya kuwa kowa ya san karin maganarta, na nesa ke shan inuwar, ga 'ya'ya masu nauyi da ke faɗowa daga sama. Ba na sa ta inda yara ke wasa.

Abu ɗaya da ake mantawa: hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi. Kada a dasa dogon itace mai gautsi dab da gini ta gabas. Ta wannan gefen da arewa maso gabas, inda ƙurar hunturu ke shigowa, shinge mai kauri a jikin katanga ya fi amfani.

Nisa nawa zan bari tsakanin itace da gini?

Manya irin su dalbejiya, maɗaci da mangwaro, mita 8 zuwa 10 daga bango, daga rijiya, daga ramin masai. Matsakaita irin su lemo da gwaba, mita 4 zuwa 5. A ɗaga kai kuma a duba wayar lantarki. Dashen da ke hannunka yau bai kai gwiwa ba, ka tsaya ka ƙiyasta shi bayan shekara goma.

Ƙasar gidana baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe ruwa. Za ta yi?

Wannan ita ce karal, irin wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Tana da yawa a ƙasar Marwa da Kusiri da kwarin Binuwai. Tana da ƙarfi, matsalarta ruwa ba ya wucewa. Idan aka haƙa rami a cikinta aka cika da yashi da taki, an yi tukunya ke nan, ruwan Agusta zai taru a ciki saiwa ta ruɓe. A irin wannan ƙasa ana dasawa a kan tudu: a tara ƙasa mai kyau da taki ta ɗaga kamar kamu biyu, a dasa a samanta. Gwanda da lemo musamman, ba sa yafe kwanciyar ruwa.

Ga gwaji mai sauƙi. A haƙa rami zuwa gwiwa, a cika da ruwa da yamma. Idan da safe ya tsotse, ƙasar na wuce da ruwa, a yi rami na al'ada, santimita 60 faɗi da zurfi, a haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki bokiti biyu. Idan ruwan na nan, sai tudu. Mai jigawa kuma nasa akasin haka ne, ruwa na zurarewa da sauri, maganinsa taki da yawa da rufe ƙasa.

Taki dole ya zama wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gwazarma da irin ciyawa.

Wace hanyar ban ruwa ce ta fi sauƙi?

Ban ruwa na ɗigo, wanda ake kira gut-a-gut. Tanki a kan ƙafa mai tsayin mita 2 ko fiye, siririn tiyo ya bi layin shuke-shuke, ruwa na ɗiga a gindin kowanne. Mai gadi ma zai iya buɗe kan famfo da asuba ya rufe. Wanda ke da foraj, wato rijiyar burtsatse, da famfo mai sola ya gama da rabin aikin. Sharaɗinsa matata a bakin tanki, a wanke ta duk mako, in ba haka ba yashi zai toshe ƙofofin. A rufe tiyon da ciyawa ko ƙasa kaɗan don rana na cinye roba.

Wanda bai kai ga wannan ba, akwai dabarar tulu. A binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba kusa da dashe, bakinsa kaɗai a waje, a cika a rufe. Ruwan na tsattsafowa a hankali ta jikinsa, yakan kai kwanaki.

Ko ta wace hanya, ƙa'idar ɗaya ce: a ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, ya fi a yayyafa kaɗan kullum. Yayyafi na sa saiwa ta tsaya a sama, ranar da aka fasa sai itacen ya yi yaushi. Sabon itace, jarka ɗaya sau biyu a mako da rani, sau uku a bazara, na tsawon rani biyu. Daga nan masu jure fari a yaye su.

Kada kuma a raina ruwan rufi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Garwa na samun wajen milimita 1,000 a shekara, ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 200 yana zubar da kusan lita 200,000, duro dubu. Ba mai tankin da zai ɗauke wannan, amma ana iya karkata indararo zuwa kwarin da aka yi wa itatuwa, ƙasa ta sha ta ajiye. Ruwan alwala da na wanka ma a ja shi zuwa gindin ayaba ko zogale. Na wanki mai jabel, wato bilic, ko omo da yawa, a bar shi ya bi lambatu.

Malam, ni furanni nake so. Waɗanne ne ba za su mutu mini ba?

Hajiya, bugenbiliya ce ta farko. Ƙishi ma na sa ta fure, idan aka cika mata ruwa sai ta yi ganye kawai. A ɗora ta kan katanga ko rumfa, a rage mata reshe sau biyu a shekara, a kula da ƙayarta. Ƙariya, wadda ke fitowa da kanta a duwatsun ƙasar nan, tana fure jaja-jaja a tsakiyar rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa na da ƙamshi, ganyen kuma kin san amfaninsa. Sitironel a bakin hanya, ga ado ga shayi. Jema a inda ruwa ke zaizayar ƙasa. Kabar giwa a cikin tsakuwa.

Sai dai ki sani ruwan jikin ƙariya dafi ne, da shi ake shafa wa kibiya a da. Haka furen nan mai dogon siririn ganye da ake kira loriye, dukkan jikinsa guba ne ga mutum da dabba. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, ko dai a bar su ko a sa su inda hannu ba ya kai.

Fure a tukunya ya fi na ƙasa wahala nesa ba kusa ba, a bazara sai an ba shi ruwa safe da yamma. Biyar ko shida a baranda sun isa.

Itatuwan marmari fa?

Mangwaro mai aure, wanda yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka. Lemun tsami ya fi lemun zaƙi juriya a zafin nan. Gwaba, rumman, yazawa da zogale duk ba su da fitina. A sayi dashe a wurin da aka san asalinsa. Gonar binciken itatuwan marmari ta IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, da ke Kismatari kusa da Garwa an daɗe da saninta da irin mangwaro da lemo.

Lemo yana da sirri guda: kada ruwa ya taɓa jikin kututturensa. A yi masa ƙaramin tudu a gindi, kwarin ruwan ya zagaye daga nesa kaɗan. Idan ruwa na kwanciya a jikinsa sai ka ga yana fitar da ƙaro, ɓawon ya ruɓe, itacen ya bushe a tsaye. 'Ya'yan mangwaro da gwaba da suka faɗo kuma a kwashe a binne da zurfi, a cikinsu ƙudan da ke sa tsutsa ke hayayyafa.

An ce in rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ba gara zan gayyato ba?

Gara na nan ko ka rufe ko ba ka rufe ba. Abincinta busasshen abu, kuma ta fi kama itacen da ƙishi ya riga ya raunana. Rufin ƙasa mai kaurin yatsu huɗu, na ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko ganyen da aka share, yana rage ban ruwa sosai yana kuma hana ciyawa fitowa. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture, kada kuma a kai shi jikin bangon gida. Toka da dakakken ganye ko 'ya'yan dalbejiya a ramin dashe suna taimakawa. Ganyen da ake sharewa kada a ƙone, a tara a rami ɗaya a bayan gida, damina ɗaya ta mai da shi taki.

Lambu ba zai tara mini sauro da macizai ba?

Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama mai cizo. A rufe tanki da tulu, a kifar da tsofaffin gwangwanaye da tayoyi, kada a bar kwarin itace da ruwa fiye da yini. Shi ya sa ba na ba da shawarar tafkin ado. Maciji kuwa duhuwa yake so da tarin duwatsu ko itacen wuta, kuma kububuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Binuwai. A ɗage rassan ƙasa yadda za a riƙa hango gindin kowace shuka, a bar hanyoyi a share, a sa fitila a hanyar bayi.

Muna kiwon awaki, ga ragon layya duk shekara.

A yi musu turke mai ƙofa tun farko, kowane sabon dashe kuma a kewaye shi da waya ko bulo har ya fi ƙarfin bakinsu. Akuya ɗaya da ta kwance da dare ta isa ta cinye aikin shekara.

Yaushe ne lokacin dasawa?

Idan damina ta zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli. A haƙa ramuka tun Mayu a zuba taki su sha ruwan fari. Dashen da ya samu wata uku na ruwan sama yana shiga rani da saiwa mai zurfi. A dasa da yamma, a yanke ledar a cire gaba ɗaya, kada a binne wurin auren. Wanda ya tare a sabon gida a watan Fabrairu ya daure ya jira, ya yi amfani da lokacin wajen shimfiɗa bututu da gyara gangare.

Ni a Njamena nake, ƙanena kuma a Ngawundare. Shawarar ɗaya ce?

Tsarin ɗaya ne, shuke-shuken ne ke canzawa. Njamena da Kusiri ruwansu bai fi milimita 500 zuwa 600 ba, damina gajera, don haka a ƙara yawan dalbejiya, aduwa, magarya da dabino, a rage masu son ruwa. Unguwannin da ambaliyar 2022 ta shafa, dashe a kan tudu ya zama dole. Ngawundare kuwa tana kan tudu, da sanyi, ruwanta ya kai wajen milimita 1,500. Can fiya da ayaba da ciyawar ado duk suna yi, aikin da ke cin lokaci shi ne nome da sassabe.

Idan komai ya kafu, wane aiki ya rage?

Kullum, shara da buɗe ruwan ɗan yankin da ke kusa da ɗaki. Duk mako, wanke matata da bin layin tiyo a ga inda ya toshe. A watan Mayu kafin iskar hadari, a sare busassun rassa da waɗanda suka hau rufi, a share indararo. Da damina a cire ciyawa tun ba ta yi iri ba. A watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke ƙasa na da sauran danshi, a zuba taki a gindin itatuwan marmari a sabunta rufin ƙasa, wanda zai kai su har bazara.